Tulun Hersanda

Surukata Odila ce ta fara ba ni labarin Hersanda, tun ina amarya a garin nan. Rubuta yadda na faɗa, Fada, limamin cocinmu, kada ka gyara komai.

Hersanda kiwon agwagi take yi, shinge ɗaya ya raba gidanta da namu. Mijinta ya bi tsohon sarki yaƙi ƙetaren teku bai dawo ba, ya bar ta da ɗa guda. Yaron ya kamu da ciwon nan mai kumbura wuya yana fashewa. Ta goya shi har garin Sanlis, inda sarki kan fito daga coci ya shafa wuyan marasa lafiya, ya yi musu alamar gicciye. In ya gama sai ya wanke hannu, a raba musu ruwan su riƙa sha da safe kafin su ci komai. An shafa yaron, an zuba mata nata a ɗan tulu. A hanyar dawowa yaron ya cika, ko kurɓa ɗaya bai yi ba.

Ta dawo da tulun a cike. Tun daga nan duk mai kumburin wuya gidanta ake kai shi. Ko ƙwai ba ta karɓa. Sai dai in ta ɗibar maka, ka kawo ruwan rijiyarku ka mayar, yaron da ya sha kuma ya riƙa ce mata Inna.

Ni ban taɓa fashin azumin Juma'a ba, gwiwoyina sun yi kanta a gaban Maryamu. Ita kuwa ko addu'ar Ubanmu sai ta yi tuntuɓe a tsakiya. Amma ita ake matsa wa ta zauna a coci, ita ake aika wa burodin farko. Wata rana na ce mata ta kan shinge, "Maƙwabciya, mai hannun ya tsufa ya mutu, ruwan hannunsa bai ƙare ba? Ai rijiyoyin gari kike shayar da mutane."

Ta ce, "Ke ma ai kina da rijiya. Su zo gidanki mana."

Sai wuyan autata Emelina ya kumbura. Sabon sarki yana can kudu, ƙanƙara ta rufe hanya. Na shafa kitse, na kunna kyandir, kumburin sai ƙaruwa yake yi. Mijina ya ce, "Uwar Emelina, ko ki kai ta ko in kai ta."

Na kai ta. Da Hersanda ta tuna mini maganata, da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Kin zo da na mayarwa?" Na zuba ruwan rijiyata a tulun da hannuna. Ta sunkuya ta ce, "'Yar nan, me za ki ce mini?"

Yarinyar ta dube ni. Na ce, "Faɗa mata."

Kafin bikin Ista wuyan ya saɓe. Allah ne ya warkar da ita, rubuta wannan da kyau.

Yanzu Hersanda ta makance, agwagin ma ta rabar. Tana zaune a ƙofarta da tulun tsakanin ƙafafunta. Emelina ta yi aure har da goyo, kuma kullum da safe can take fara shiga, ta taje mata kai, sannan ta leƙo ni. Ina jin ta ta bayan shinge tana cewa "Inna." Jiya ma na amsa, ashe ba da ni take ba.