Allon Ƙarshe na Baba Fenti

Shekara arba'in Baba Fenti ya yi yana rubuta allunan shaguna, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: in ya gama rubutu sai ya ja da baya taku goma ya duba, sannan ya dawo ya sa hannu a kusurwar ƙasa. Da hannun ya fara rawa sai ya ajiye buroshi, ya koma gida ya addabi matarsa da surutu.

Matar, Malama, ta koyar a firamare har ta yi ritaya, tana da labaran yara cike da littattafan rubutu guda bakwai. 'Yarsu Auta ce, da ta zo hutu, ta buga su a kwamfuta, ta yi musu shafi a intanet. To amma idon Malama ya fara tafiya, likita kuma bai ɓoye musu ba, ya ce raguwa zai ci gaba da yi. Ranar da aka nuna mata shafin ta kai fuskarta dab da gilashin, ta daɗe, sannan ta ce, "Ya yi kyau." Ba ta ga komai ba. Baba Fenti ya sani, abin kuwa ya tsaya masa a rai.

"Wannan ai ba rubutu ba ne, sahun tururuwa ne," ya ce wa Auta. "Nuna min inda ake gyarawa."

Hutun Auta ya ƙare, sai ta bar masa tsohuwar kwamfutarta da takarda guda ɗaya, irin wadda masu tsara shafi ke leƙawa in sun manta: layin girman harafi, layin launi, layin tazara. Gefen kowane layi ta rubuta ma'anarsa da biro. Ya manna takardar a bango, ya zauna da yatsa ɗaya.

Kai, an sha fama! Mutumin da ya saba haɗa launi a gwangwani, yau an ce masa sifili shida a jere shi ne baƙi. In ya manta ɗigo ɗaya sai komai ya watse, ya hau faɗa da na'urar kamar tana jinsa. A sati na biyu ya yi haruffa ja a kan rawaya, manya-manya, ya ja da baya taku goma har ya yi karo da bokitin wanki a tsakar gida. Daga can dai, rubutun ya fito ras!

"Malam, ni ba mai wucewa a mota ba ce," in ji Malama. "Rawayar nan yaji take min a ido."

Sai a lokacin ya daina ja da baya. Ya kawo kujerarta gaban tebur, ya zauna a kai, ya kanne ido yadda take yi. Ya tuna shekara talatin ta yi tana rubutu da alli a kan baƙin allo. Ya bi takardar da yatsa, ya mai da bayan shafin baƙi, haruffan farare, ya buɗe tazarar layi.

Da hantsi ya riƙo hannunta ya zaunar da ita. Ta fara karantawa da muryarta ta aji, tiryan-tiryan, babu gargada. Maimakon murna sai shakka ta kama shi. Ai labarinta ne, ta haddace shi. Kuma ya san halinta sarai, za ta iya karanta masa da ka don kada wahalarsa ta tashi a banza.

Ta kai ƙarshen labarin. Sai ta matsa kaɗan, ta ɗora yatsa a kusurwar ƙasa, inda ya sa hannu kamar yadda ya saba, bai kuma gaya wa kowa ba. Wannan karon a hankali ta karanta, kalma bayan kalma:

"Mai rubutu: Fenti, mijin Malama. Wannan ne allon da ya fi so."

Ta juyo ta dube shi. "Da girmanka, kuka kake?"

"Hasken abin nan ne," ya ce, yana share fuska da hannun riga. "Karanta min na biyu."