Lokacin da Tsokar Jikina Ta Ƙi Saki

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan kowa ya tashi da gini, ina saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sana'ata dako a tashar jirgin ƙasa ta Kano. A Fagge muke zaune ni da mahaifiyata, mahaifina ya daɗe da rasuwa. Maigidana wani Ibo ne mai shagon kayan gini a Sabon Gari. Mu ne masu sauke masa siminti daga tarago mu loda a mota.

Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin ina ji da kaina. Buhu biyu nake saɓawa a kafaɗa in tafi ina fito. Rigunana duk na yanke musu hannu don a ga damtse. In zan wuce gaban 'yan mata masu tallar fura, sai in ɗaga hannu kamar ina sosa ƙeya, alhali ba abin da ke min ƙaiƙayi, so nake ƙwanji ya fito. A sanina tsoka ke nan: ta hannu, ta cinya, da ta gadon baya.

Wata rana da hantsi, ina ɗauke da buhu na ratsa ta wajen da ake loda shanun Kudu, sai na taka wani katako mai ƙusa. Ta huda silifas ɗina ta shige tafin ƙafa. Abokina da muke dako tare ya fizge ta, ya karɓo man birki wajen wani direba ya tsiyaya min, muka ɗaure da tsumma. Ko zama ban yi ba na koma aiki. Ramin ɗan ƙarami ne, jini ma bai zuba sosai ba.

Bayan kamar mako guda, muna cin shinkafa da wake a rumfar mai abinci, na kai cokali baki sai ya daki haƙorana. Na sake kaiwa, ya sake daka. Bakin ya buɗe, amma bai kai yadda na saba ba.

Abokina ya ce, "Yau kuma yanga kake wa abincin?"

Na ce masa muƙamuƙina ne ya ɗan riƙe. Muka yi dariya.

Washegari ban iya fita ba. Wuyana ya sandare, in zan waiwaya sai na juya gaba ɗaya. Inna ta ce sanyi ne, ta shafa min man zafi, ta dama kunu. Na kurɓa ta tsakanin haƙora, ya tsaya a maƙogwaro ya ƙi wucewa, ya dawo ta hanci. A nan gabana ya fara faɗuwa, don tun da nake ban taɓa sanin haɗiya aiki ba ce.

Inna ta tsaya tana kallona, ta ce, "Kai, me kake wa dariya?"

Ba dariya nake ba. Ta miƙo min madubi na ga leɓɓana sun ja baya, haƙora a waje, girata ta ɗage sama. Fuskar mai murna ce sak, ni kuwa a ciki kuka nake son yi.

Kwana biyu bayan haka, da safe, wata maƙwabciya ta saki ƙofar langa-langa ta bugu da ƙarfi. Abin da na sani kawai, jikina gaba ɗaya ya ɗaure lokaci guda. Bayana ya lanƙwashe ya bar tabarma, ƙeyata da dugadugaina kaɗai ke ƙasa. Cikina ya yi tauri kamar allo. Hannuwan nan da nake taƙama da su suka dunƙule har farce ya shiga tafi. Kun san yadda jijiya ke ɗaure wa mutum a sha-raɓa ya yi ihu? To ku ɗauka ko'ina a jiki ne, kuma ba bakin yin ihun. Abin da ya fi ba ni tsoro, hankalina ras yake. Ina jin salatin Inna, ina jin mata suna cewa iska ce ta buge shi a tasha. Da ya sake ni, gumi ya jiƙa tabarmar.

Abokina ne ya je Sabon Gari ya gaya wa maigida ba zan samu zuwa ba. Matar maigidan, wadda muke kira Madam, nas ce a asibiti, ranar kuma tana hutu tana zaune a shago. Da ta ji ya ce bakina ya ƙi buɗuwa, sai ta miƙe ta ce ya kai ta gidanmu.

Tana shigowa ta kori kowa daga ɗakin da hannu, ba ta ɗaga murya ba. Ta tambayi Inna ko na ji ciwo kwanan nan. Inna ta ce a'a. Abokina daga bakin ƙofa ya ce, "Sai dai 'yar ƙusa, ta ma warke." Madam ta ɗaga ƙafata ta duba, ta ajiye a hankali. Haifaffiyar Kano ce, Hausa a bakinta kamar tamu.

Ta ce, "Mama, asibiti za mu tafi. Yanzu."

Inna ta ce an aika wa Malam, zai zo da rubutu bayan la'asar.

"Mama, Malam ya same mu a can, ba mai hana shi shiga. Amma yaron nan ko ruwa ba ya haɗiya, ta ina rubutun zai wuce? In abin nan ya kama ƙirjinsa a ɗakin nan, ba abin da ni da ke za mu iya."

Inna ta jawo mayafinta.

A bayan a-kori-kurar maigida aka shimfiɗa ni. Madam ta toshe min kunne da auduga, ta rufe min ido da ɗankwalinta. Amma Kano ce ta lokacin da kowa ya sayi sabuwar mota yana son a ji hon ɗinsa. Duk ramin da muka faɗa, duk hon da aka danna kusa da mu, sai jikina ya ɗaure. Sau huɗu na ƙirga a hanya, daga nan na daina ƙirgawa.

Likita ya ce ciwon sunansa tetanas, ƙwayarsa a cikin ƙasa da kashin dabbobi take, ita ƙusar ta tura min cikin nama. Aka buɗe ramin aka wanke, aka yi ta min allurai, aka zura min roba ta hanci har ciki don abinci. Sannan aka kai ni wani ɗaki da aka rufe tagoginsa da barguna. Da rana tsaka ma duhu ne. Nas-nas suna cire takalmi a bakin ƙofa. Mu biyu ne marasa lafiya a ciki, ni da wani dattijo manomi da fartanya ta sare shi a yatsa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, labule ne tsakaninmu, numfashinsa kawai nake ji.

Na ji likita yana gaya wa Madam a hankali cewa masu jiki irin nawa sun fi shan wuya, don tsokar baya in tana da ƙarfi tana iya ja har ta tsaga ƙashi. Wato abin da na yi shekaru ina tarawa ina nunawa, shi aka juyo min da shi.

Madam kan leƙo in ta tashi daga aiki, ta zauna kusa da kunnena tana raɗa. Ita ta fahimtar da ni abin da ke faruwa. Ta ce tsoka ba ta san komai ba sai ja. In za ka naɗe hannu, ta gaba ta ja, ta baya ta saki. In za ka miƙe shi, su yi musanya. Haka suke bibbiyu a duk jiki. Dafin ciwon nan sakin yake hanawa, shi ya sa duk suke ja tare. Ta ce da tsoka nake tauna, da ita nake haɗiya, da ita nake ƙifta ido, har fitsari sai wata ta saki yake fita. Akwai kuma wata shimfiɗaɗɗiya a ƙarƙashin huhu, ita ke jawo iska tun ranar da aka haife ni ba ta huta ba.

"Ita muke gadi," in ji ta. "Sauran su yi abin da suke so."

Da ma ba ta gaya min ba. Daga ranar na koma sauraron numfashina ɗaya bayan ɗaya, ina jiran wanda ba zai zo ba.

A kwana na shida, wajen azahar, wani ya saki faranti na ƙarfe a baranda. Ni da dattijon muka ɗaure tare, ina jin gadonsa yana kaɗawa kamar nawa. Wannan karon ƙirjina ya kulle. Na nemi iska, babu. Ba wanda ya shaƙe ni, ba abin da ya toshe min hanci, kawai jikin ne ya ƙi ja. Ina so in yi kalmar shahada, harshe ba ya motsi, sai na yi ta a zuci. Na ji gudun ƙafafu, na ji allura a cinya, idona ya fara rufewa. Can sai wani abu ya saki a ƙasan haƙarƙarina, iska ta shigo da ƙara.

Da na dawo daidai na kasa kunne bayan labule. Shiru. Aka zo aka tura gadonsa waje a hankali, ba wanda ya ce min komai.

Inna tana gefena duk kwanakin nan. Carbinta ma ta naɗe shi da tsumma don kada ƙwayoyin su yi ƙara. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "kai" sai "yaron nan". Ranar ta sunkuyo dab da kunnena ta kira sunan, sau ɗaya, can ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Kada ka bar ni." Ina son in ba ta amsa, fuskata kuwa tana ta wannan murmushin.

Sai a mako na uku ɗaurewar ta fara ja baya. Kullum da safe likita zai ce in buɗe baki in gwada yatsa nawa ke shiga tsakanin haƙorana. Da farko ko ɗaya ba ya shiga. Ranar da biyu suka shiga aka cire robar hanci, Inna ta ba ni kunu da ƙaramin cokali, na ji shi yana gangarawa har ciki. Da uku suka shiga aka sallame ni. Na fito ina bin bango, cinyoyina kamar sillen kara, rigar nan marar hannu tana reto a jikina. Ban koma dako ba, maigida ya zaunar da ni a shago.

Yanzu na tsufa, damtsen ya zube, kuma ko a jikina. Abin da na ɗauko daga ɗakin nan shi ne, tsokokin da suka riƙe min rai ba waɗanda nake nuna wa mutane ba ne, waɗanda ban ma san da su ba ne. Jikokina suna ce min matsoraci, don ko reza ce ta yanki yaro sai na sa an kai shi an yi masa allura. Na karɓi sunan.

Tsoron kuma bai gama fita ba. Har yau in na tashi da safe na ji wuyana ya ɗan riƙe, kafin in yi wa kowa magana sai na juya baya na sa yatsu a baki. Matata ta gane, takan tsaya da kwanon koko a hannu ta ce, "Malam, nawa?"

In ce mata uku. Sannan ta ajiye kwanon.