Zoben Robar da Ya Hana Ni Ganin Mahaifina

Shekarun baya, lokacin ina aikin gyaran jiragen sama a Kano, wani abu ya same ni wanda ban cika son ba da labarinsa ba. Yau dai bari in faɗa muku.

Ni mutumin Babban Duhu ne, a ƙasar Safana. Mahaifina manomi ne, kuma ko da ɓarayin daji suka matsa wa yankinmu, ya ƙi barin garin. Yayana da ke koyarwa a Batsari ya yi ta roƙonsa ya dawo wurinsa, Baba ya ce shi ba zai tsufa a gidan haya ba. A lokacin kowa ya san ƙa'idar hanyarmu: in la'asar ta yi ba ka bar Katsina ba, ka nemi wurin kwana, don babu direban da zai ɗauke ka.

Wata Talata da safe ina ƙarƙashin wani jirgin fasinja, yayana ya kira ni. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Jikin Baba ya tsananta tun jiya," in ji shi. "Ya daina cin abinci. Yana ta tambayarka. In da hali ka taho yau."

Na ce, "Yaya, ƙaramin aiki ne a hannuna. Ƙarfe goma na gama, kafin azahar ina Katsina in sha Allah."

Da gaske ƙaramin aiki ne. Mai ne ke yoyo daga bututun da ke zuwa birkin tayar dama, kuma abin da za a canja wani zoben roba ne da bai fi zoben yatsa ba. Matsalar ita ce ran nan ni kaɗai ne nake da lasisin sa hannu a kan irin wannan jirgin. Abokin aikina na biyu yana hutu a garinsu. In ban sa hannu ba, jirgin ba ya tashi.

Mai kula da sito ya kawo zoben a 'yar ledarsa. Na gwada shi da tsohon, girma ɗaya, launi ɗaya. Har na kama bakin ledar zan yage, sai idona ya kai kan lambar. Ni dama tun muna makaranta ake min tsiya da duba lamba, ko batir zan saya a kanti sai na juya shi. Na buɗe littafin kayan gyaran jirgin a kwamfuta na haɗa. Lambobin ba su zo ɗaya ba.

Na ce wa mai sito, "Malam, wannan ba shi ba ne."

Ya ce, "Injiniya, masu kawo mana kaya sun ce madadinsa ne. Shi kaɗai muke da shi."

Na duba jerin waɗanda aka yarda a sa a madadi. Babu shi. Da na bi diddigi sai na gano na bututun man da injin ke sha ne. Man birki kuwa wani iri ne daban, yana cin irin wannan robar. Za ka ɗaura ta, ka gwada, ko ɗigo ba za ka gani ba. Bayan kwanaki ta kumbura ta yi laushi, sannan ta saki, wataƙila daidai lokacin da matuƙi ya taka birki da mutane sama da ɗari a bayansa.

Shugabana ya zo yana duba agogo. Na nuna masa. Ya yi waya, aka ce akwai na ainihin a Legas, amma sai jirgin rana zai kawo shi. Ya san halin da nake ciki, don ya ji wayar da na yi.

Ya rage murya ya ce, "Ni ba zan ce ka sa ba, ba zan ce kar ka sa ba. Hannunka ne. Amma jibi jirgin nan zai dawo, ana iya canja shi."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na tsaya da ledar a hannuna na fi minti biyar. Na yi lissafin kwana biyu kacal. Na gaya wa kaina birkin ba ɗaya ba ne, akwai na ko-ta-kwana. Duk hujjojin da nake hana wasu kawowa, ran nan na kawo wa kaina su ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe na miƙa wa mai sito ledar na ce ya rubuta a kai kada a yi amfani da ita. Ba jarumta ba ce. Hannuna ne ya ƙi, shi ke nan.

Na kira yayana. Da kyar na same shi, don yana garinmu wurin Baba, can kuwa sai an fita bayan gari ake samun sabis. Na gaya masa ina jiran wani kayan gyara daga Legas.

"Wane irin kaya ne?" ya tambaya.

Na ce, "Roba ce, Yaya, amma..."

"Roba," in ji shi. "To. Allah ya taimaka." Ya kashe.

Zoben bai iso ba sai wajen ƙarfe biyu da rabi. Na haɗa lambarsa da ta littafi, na duba takardar shaidarsa, na ɗaura, muka gwada, na sa hannu. Lokacin an riga an yi la'asar. Duk da haka na kama hanyar Katsina, na kwana gidan abokina don in bi motar farko.

Bayan sallar asuba saƙon yayana ya shigo. Baba ya cika tun bayan magariba.

Motar Batsari ta daɗe ba ta cika ba, da muka isa Batsari na hau babur zuwa garinmu. Ina isa ƙofar gida na tarar da mutane a kan tabarmi, ƙafafunsu duk jar ƙasar maƙabarta. Yayana ya miƙo min hannu bai dube ni ba. Ya ce, "An kai shi."

Na shiga wurin mahaifiyata na durƙusa. Ta bar ni na yi kukana, sannan ta ce, "Me ya tsare ka?" Na yi mata bayani yadda za ta gane, har na nuna mata girman abin da yatsuna. Ta daɗe tana kallon yatsun.

"Mutanen cikin jirgin sun sauka lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"To, Alhamdu lillahi," in ji ta. Can kuma ta ce, "Jiya da rana duk wanda ya yi sallama sai ya ɗago kai ya ce ko kai ne." Ba don ta ɓata min rai ta faɗa ba. Tana ganin ya kamata in sani.

Ni da yayana mun yi kusan shekara gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yanzu mun shirya, 'ya'yansa ma a gidana suke hutu, amma maganar ran nan ba mu taɓa tayar da ita ba.

Mutane in sun ji labarin sukan ce na ceci rayuka. Ban sani ba. Mai yiwuwa robar ta kai jibin lafiya, a canja ta, babu wanda zai taɓa ji. Abin da na tabbatar kawai shi ne lambar ba ita ba ce, kuma mahaifina ya jira ni har magariba. Na sha tambayar kaina, da za a maido min da safiyar nan me zan yi. Kullum amsar ɗaya ce: zan sake mayar da ledar. Na yi zaton sanin haka zai sanyaya min zuciya. Har yau bai sanyaya ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya yafe min.