Ruwan da Baffa Ya Shayar da Tarakta

A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai rawar kai, a wani ƙauye gabas da Hadejia, kan hanyar Baturiya. Gidanmu gidan shanu ne tun kakanni, amma farin nan da aka yi ya cinye mana garke, sai 'yan tsiraru suka tsira. Mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya gaji da binne dabbobi. Da na dame shi da maganar noman shinkafa a fadama, ya kora ragowar shanun kasuwa da hannunsa, muka sayo wata ƙaramar tarakta ta hannu. Ranar da ya dawo da igiyoyi babu shanu bai ci tuwo ba, ni kuwa ina can ina zagaya gari da taraktar mutane na kallona.

Daminar farko ta yi mana kyau. Da aka gama girbi sanyi ya shigo, aiki ya ƙare, sai na ajiye taraktar a bayan gida, na zare makulli na tafi cin rani Kano. Abin da kawai na ce wa Baffa shi ne ya kula da ita. Ya ce in tafi hankali kwance, shi da ya yi kiwon ɗaruruwa ba guda ɗaya ce za ta gagare shi ba. Dariya na yi, ban tsaya na tambaye shi abin da yake nufi ba.

Na dawo da bazara, hadari ya fara haɗuwa. Wanda ya san fadamarmu ya san ba ta jira. Dole a yi huɗa a shuka shinkafa da ruwan farko, ta yi tsayi kafin kogi ya malalo, in aka makara shekarar ta wuce ke nan. Baffa ya ja ni bayan gida yana murmushi. Ya yi mata rumfa da zana, ya jibge harawa a jikinta saboda sanyi, ya tura buhunan dusa ƙarƙashinta don su ma su sami inuwa. Na murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Da na yaye harawar sai ɓeraye suka watse. Sun gwaigwaye wayoyi, zanzaro ya yi gini a bakin salansa, tayoyi sun kwanta. Ina cikin wannan Baffa ya ƙara da cewa bai taɓa barinta da ƙishirwa ba. Ya ga ina zuba mata ruwa a gaba, to da bakin gaban ya ƙi karɓa, sai ya sami wani murfin da ke sha, yana ba ta ƙwarya guda lokaci-lokaci. Tankin gas yake nufi.

A nan na faɗi maganar da har yau take ci mini rai. Na ce masa ya kashe ta, shanunsa sun tafi a banza. Ya tattara harawarsa ya koma zaure, kwana da kwanaki ba ya fita ko hira. Mahaifiyata ta ce mini tun mutuwar garke ba ta ga ya yi irin wannan shirun ba. Tsoro ya kama ni, don na ga ba shinkafa kaɗai zan rasa ba.

Na hau keke na ɗauko wani bakanike a Hadejia, Babarbare, mai bakin tsiya. Da ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya leƙa zaure ya ce wa Baffa dama Bafillace ko jirgin sama aka ba shi sai ya nema masa turke, ya kuma tambaya ko an ba ta kanwa. Abin mamaki, wasan nan na Barebari da Fulani shi ya buɗe bakin Baffa. Ya ce ai bawa ba ya yi wa ubangidansa dariya, ya taso ya biyo mu. Bakaniken ya duba ya ce mu gode wa Allah da batir ya mutu, domin da injin ya juya ya ja ruwan nan ciki, da sai dai mu sayar da ita a kilo. Muka tsiyaye tankin tas, muka wanke, muka canza baƙin mai, ya ɗaura sababbin wayoyi, ya sassauta wani noti ya fitar da iska daga hanyar mai. Baffa ne ya zauna da tsinke yana fasa ginin zanzaro, a hankali, kamar mai cire kaska. Ni na kai batir caji gari, ina tafe ina duban gabas, hadari kullum ƙara duhu yake.

Da aka haɗa komai na murɗa makulli, ta yi tari, ta yi shiru, sannan ta kama da baƙin hayaƙi. Baffa ya matso ya ɗora tafin hannunsa a kanta, daidai inda tozo zai kasance, ya daɗe a haka. Sai ya ce jikinta ya yi ɗumi, za ta rayu. Na durƙusa na nemi gafararsa, ya ce in tashi in tafi gona, ƙasa ta jiƙa. Mun shuka a kan lokaci.

Tun daga shekarar, ajiyar tarakta ta zama aikin Baffa. Shi ke sa a cire batir a kai ɗaki, a cika tanki da gas, a ɗora ta kan kututture, a toshe salansa da tsumma, kuma ko zangarniya ɗaya ba ya bari a ajiye kusa da ita. Ina jan hankalin masu kawo sabon abu gida, ku zauna ku yi wa iyayenku bayani, kada ku bar su da kalmar kula kawai, domin kowa da irin kulawar da ya gada. Kuma in sun yi kuskure ku riƙe harshenku. Injin an gyara shi cikin 'yan kwanaki. Baffa ya daɗe da rasuwa, amma har yau in zan rufe tankin nan nakan tuna tsohon da ya riƙa tasowa cikin sanyi da ƙwaryar ruwa, don kada abin ɗansa ya kwana da ƙishirwa.