Tsakuwa Goma a Bakin Binuwai

Jiya na tarar baƙuwar ciyawar nan mai shuɗin fure ta toshe mashigin jirginmu a Garwa, sai na tuna Baffa. Shekarar da ta fara yaɗuwa kamuna ya ragu, na rantse ƙanena ke kwashe min kifi a raga. Baffa ya zaunar da ni kan yashi mai zafi, ya jera tsakuwa goma.

"Inda kake kama karfasa goma, yanzu nawa?"

"Huɗu."

Ya ɗauke shida. "Ni ma huɗu, ƙanenka ma huɗu. Kai sakarai, har kansa yake yi wa sata? Shida cikin goma, ciyawa ce ta kore su."

Ranar na ba ƙanena haƙuri, har yau jirginmu ɗaya. Allah Ya sanyaya makwancin Baffa.