Fuskar Kawu a Wayar Kowa

Kawuna tela ne. Shekara talatin yana taka keken ɗinki a shago ɗaya, ko ƙuda bai taɓa cuta ba. Ranar da gobara ta cinye shagon, layin ya cika maƙil, amma masu ɗaga waya sun fi masu ɗaukar bokiti yawa. Wani marar imani ya ɗauki hotonsa yana kuka, baki buɗe, hannu biyu a ka, tef ɗin awo rataye a wuya.

Kafin mako ya zagayo, hoton ya zama abin raha. In ƙungiyar ƙwallo ta sha kashi, sai a tura fuskar Kawu. In budurwa ta ƙi saurayi, fuskar Kawu.

Rannan ya kira ni ɗakinsa, ya miƙo mini wayarsa.

"Ɗana, kai ka yi karatu. Goge mini shi."

Na goge.

"Shi ke nan, ya bar duniya?"

"Wayarka kaɗai ya bari, Kawu."

Muna zaune saƙo ya shigo. Ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana kukan tsadar mai. Ya haɗa da hoton.