Mawaƙin Tazargade a Fadamar Guri

Mun tashi daga Haɗejiya da asuba, ana idar da salla muka ɗaura sirdi. Mu uku ne: ni, da mai jan takarkarin da ya ɗauko akwatunan magani, sai tsohon Baturen da nake aiki a ƙarƙashinsa, likitan dabbobi. Allurar rigakafin cutar bushiya za mu yi wa shanun da suka gangaro fadamar Guri bayan ruwa ya fara janyewa. Wannan shi ne aikin da kowa ya sani. Amma Likita yana da wata buƙata tasa daban, ita ce ma ta sa nake ba ku wannan labari.

Shi ba Ingilishi ba ne kamar sauran Turawan da muka saba gani, mutumin Amirka ne, kuma ya daɗe a ƙasar nan ƙwarai. Hausa ta zauna a bakinsa, sai dai har yau saniya "shi" ce, bijimi kuma "ita". Tsufa ya zo masa da yanar ido. Ya nemi komawa gida, yaƙin duniyar nan ya tsare hanyar teku. An ce daga wannan rangadi Kano za a mayar da shi ya zauna, don bai iya ganin jijiyar saniya kuma.

Hanya ba laifi da farko. Dawa ta sunkuyar da kai, mata suna ta yankan shinkafa a kwari, goruba ta jeru hagu da dama. Da muka yi nisa gabas sai taɓo ya karɓe mu. Takarkarinmu ya sami wani wuri mai sanyi ya kwanta abinsa da kaya, mai jansa ya yi lallashi, ya yi zagi, har da kirari, sai da dabbar ta ga dama ta miƙe.

Mun ya da zango a wani ƙauye ranar kasuwarsu. Kifi kam ba a magana, bandar tarwaɗa tuli guda kamar kyauta, amma gishiri da kananzir da ƙyalle sun yi tsadar da sai dai kallo, kowa ka tambaya ya ce yaƙi ne. Rabin cinikin da Barbarci ake yi, Hausar ma ta ɗan karkata. Muka ci burabusko da miyar kifi a rumfar wata dattijuwa, Likita ya sha yaji har hawaye, yana cewa, "Madalla, madalla," tana ƙara masa.

Muna fitowa muka bi ta gaban mai sayar da magunguna. Likita ya tsaya cak, ya ɗaga hanci. Ya laluba cikin ƙullin ganyaye ya ɗauko tazargade, ya murza a tafin hannu ya shinshina. Ya daɗe a haka, har mai kayan ya fara tsarguwa.

"Malam," ya ce da ni, "ƙasarmu ke nan. Dajinmu duk irin wannan ne, gajere, toka-toka, iyakar ganinka."

A kan hanya ya ba ni sauran labarin. Ubansa makiyayin tumaki ne a wata busasshiyar ƙasa mai duwatsu da sanyi. Yana yaro shi ke fita da garke, kuma akwai wani tsuntsu da ke hawa kan irin wannan ganye da sassafe ya yi ta rera waƙa ba ya yankewa, yana aron muryar wannan tsuntsu ya haɗa da ta wancan. Ya faɗi sunansa da Turanci, harshena ya kasa ɗauka, sai na ce mu kira shi mawaƙin tazargade. Ya yi dariya ya ce sunan ya fi nasu. Bara, in ji shi, a wani tudu kusa da Guri, ya ji wannan waƙa da kunnensa. Ya ɗaga madubin hangen nesa bai ga komai ba sai hazo-hazon idonsa.

"Na san teku ce tsakani," ya ce. "Hankalina ya ce ba shi ba ne. Amma shekara guda ke nan ina jin waƙar nan. Kai za ka duba mini."

Ya karanta mini kamanninsa kamar mai cigiyar ɗa. Bayansa toka-toka, bai kai kurciya ba. Ƙirjinsa fari ne da ɗigo-ɗigon baƙi a jere. Baki gajere, ido rawaya, gefen jela fari. Ya fi son gudu a ƙasa da tashi sama. Ya sa na maimaita har na haddace.

Inda hanya ta ƙare muka bar dabbobi muka shiga kwalekwale. Mai fiton Babade ne, dogo, ba ya son magana, gora kawai yake kafawa muna ratsa bado da kacala. Jama'a, wanda bai ga fadamar nan da kaka ba bai ga tsuntsaye ba. Kirinjijiya ta rufe ruwa, dinya na tashi garke-garke, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashin kifi, gauraki suna taku a tsibiri da tukkayensu. Likita ya ba ni madubin ya koya mini murza shi. Da na sa a ido sai da na kauce, na ɗauka wani jinjimi zai tsokane ni. Mai fito ya yi dariyarsa ta farko kuma ta ƙarshe a wannan tafiya.

Shi kuwa Likita da kunne yake kallo. Kowane kuka ya ji sai ya faɗi mai shi, in duba in tarar haka ne.

A mashekarin Fulani aiki ya sha kanmu. Arɗo ya tara shanu, samari suna kayarwa, ni ke soka allura, Likita na tsaye yana shafa wuyan dabba yana yi mata magana. Matan ruga suka cika mu da kindirmo. Da Arɗo ya ji abin da za mu nema a tudu, ya dube ni ya dubi Bature, ya ce, "Tsuntsun na ci ne?" Na ce a'a. "Na magani ne?" Na ce a'a. Ya gyara sandarsa a kafaɗa ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Da aiki ya ƙare muka yi sammako zuwa tudun. Wuri ne mai yashi, da sabara da geza da 'yan bagaruwa. Na riƙe hannun Likita saboda ramukan gafiya. Muka zauna gindin wata aduwa, rana ta fara leƙowa, kurciyoyi suka yi nasu, suda ta yi nata. Ƙafata har ta yi sanyi. Can sai ya damƙe mini hannu.

Na ji ta. Waƙa ce siririya mai daɗi, tana hawa tana sauka, kamar mai ba da labari yana jin kewar abin da yake faɗa. Na ɗaga madubi na bi sautin, na same shi a ƙwanƙolin wata geza, maƙogwaronsa na rawa.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi, ranka ya daɗe. Bai kai kurciya ba."

Tsuntsun ya diro ƙasa, ya ruga da gudu, ya tsaya, ya sake rugawa. Na faɗa masa. Ya ƙara damƙe hannuna.

"Jela fa?"

"Akwai fari a bakinta."

Ya ja numfashi. Daga nan tsuntsun ya juyo ya fuskance ni sosai, ya ɗaga jela ya baza ta, sai ga ta ja kamar jan ƙasa. Farin layi ya bi ta girarsa. Ƙirjinsa fes, ko ɗigo ɗaya babu.

"Ƙirji, Malam. Da ido."

Ba zan ɓoye muku ba, ƙarya ta zo mini a rai. Mutumin nan ba ya gani. In na ce masa ɗigo-ɗigo ne, ido rawaya, ba mai ƙaryata ni har abada, kuma zai tafi Kano da farin ciki. Amma idona ya ara don ya yarda da shi.

Na ce, "Ƙirji fari ne fes. Ido baƙi. Jelar kuma ja ce."

Ya saki hannuna a hankali. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Na san wannan," ya ce. "Ɗan ƙasarku ne. Na sha ganinsa lokacin ina da ido, ban taɓa tsayawa na saurare shi ba." Ya juyo wajena. "Na gode, Malam."

Na yunƙura zan tashi, ya ce in zauna, ai bai gama waƙar ba. Tsuntsun ya koma kan geza ya ci gaba. Likita ya rufe ido, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Yanzu da ya san gaskiya, ya ce, yana jin bambancin: na can ba ya tsayawa shan iska, wannan kuwa yana yankawa ya sake ɗauka. "Amma ya kai ni gida ya dawo da ni," in ji shi.

Ya tambaye ni ko ina da wanda nake kewa. Ban taɓa yi masa zancen gidanmu ba, amma ranar na yi. Na ce wana, wanda nake bi, yana cikin sojan da aka kwasa zuwa yaƙi ƙasar Bama, can bayan teku, kuma tun da suka tafi ba mu ji ɗuriyarsa ba. Ya dafa kafaɗata. Muka zauna har rana ta yi zafi, tsuntsun ya shige cikin sabara.

Dawowa ta fi sauƙi, taɓo ya ɗan bushe, takarkari ya san gida ya nufa. Mun shigo Haɗejiya da la'asar, na raka Likita gidansa na mayar masa da madubi. Ya ce in riƙe, ba shi da abin yi da shi.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗe. Ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta ce, ranar kasuwa ta hango wani mutum daga baya, tafiyarsa sak ta yayana, ta bi shi har marina kafin ya waiwayo ta ga baƙo ne. Ba yau ta fara ba. Da can nakan ce, "Haba Inna, ki daina wahalar da kanki, mutane za su yi dariya." Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mai kewa ba hauka yake ba. Ya fi kowa sanin nisan da ke tsakani. Yana dai son wani ya tsaya kusa da shi ya taya shi dubawa, ya kuma faɗa masa gaskiyar abin da ya gani.

Na ajiye jakata, na jawo tabarma na zauna gabanta.

"Inna," na ce, "ranar kasuwa mai zuwa tare za mu."

Ta ajiye rariya ta dube ni, ta ce, "To, ka sa takalmi mai ƙwari. Yayanka sauri gare shi."